Gwangwanayen Baba Uzo

Ƙarfe bakwai saura kwata, kafin mai gadi ya gama shan shayinsa, babur ɗin Baba Uzo ya riga ya tsaya a ƙofar kamfaninmu da ke Chikaji. Daga Dogarawa yake tahowa. Ba ya fara gaida kowa. Bayan gini yake zagayawa, inda kwamfuresar da ke ba injuna iska take, ya tsuguna ya buɗe ɗan famfon ƙarƙashin tankinta, ya tsiyaye ruwan da ya taru. Sai ya tara hannu, ya duba ruwan, ya shinshina. In wani ya ce masa ai jiya ma an tsiyaye, sai ya ɗago kai ya ce, "Wa ya tsiyaye? Ka gani da idonka?" Sai ya gama da kwamfuresa sannan zai shigo ɗakin inji ya ce mana ina kwana.

Sunansa Uzodinma. Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa kuma ta Zazzau ce tsaf. Shekara goma sha shida ke nan yana kula da injunanmu. Kamfanin ba babba ba ne, allunan da ke cikin sitabilaiza da na cajar fitilar sola muke haɗawa. Duk wanda ya taɓa buɗe rediyo ya ga koren allon nan mai ƙananan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, kowanne da ƙafafu biyu na waya, to ya san kayan aikinmu. Injin Baba Uzo ne ke dasa su. A jere suke zuwa a kan tef. Injin ya ciro ɗaya, ya lanƙwasa ƙafafunsa, ya cusa su a hudojin allo, sannan wata wuƙa daga ƙasa ta datse tsawon da ya yi yawa, ta kwantar da sauran don kada abin ya zare kafin a zuba masa dalma. Duk wannan kafin ka ƙifta ido. Guntayen wayar da wuƙar ke datsewa kuwa, iska ke zuƙe su zuwa wani ɗan akwati a gefe. Mu dai a wurinmu shara ce.

Ni ce Susanna, mai kula da sito. A Samaru nake zaune. Ban cika yarda da rubutun yabo ba. In na ga an cika shafi da yabon mutum, abin da nake fara tambaya shi ne, me aka ba marubucin? Saboda haka gara in faɗa tun yanzu, ba abin da aka ba ni. Ni ce ma na ɗauke wa mutumin nan wani abu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wato sunansa mai kyau. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ba na so ya fita ƙofar nan ba tare da an maida masa ba.

Baba Uzo ba ya yarda da komai. Ba ya yarda da rubutun jikin kwali. In kaya suka iso sito na sa hannu, sai ya zo da mitarsa ya ciro goma daga kowane naɗin tef ya auna, ni kuwa raina ya ɓaci, don gani nake ni yake tuhuma. Sau ɗaya ya kama naɗi uku da aka manna wa takardar wani abu daban. Da sun shiga inji, da alluna dubbai sun lalace. Bai yi murna ba, bai kuma ce mani ai na faɗa maki ba. Ya dai ci gaba da aunawa kamar yadda ya saba.

Princess, wadda ke tuƙa injin tun kafin ta yi aure, ta ba ni labarin ranar da ya kashe mata inji ana tsakiyar aikin gaggawa. Fitila kore ce, kwamfutar injin ta ce komai lafiya. Ya ce shi kunnensa bai ce lafiya ba. Ta ce, "Baba, don Allah ka bari mu gama, ga shi kwamfuta ma ta ce ba komai." Ya ce, "Kwamfutan nan abin da aka faɗa mashi yake faɗa maki." Ya buɗe, ya tarar da wani noti ya kwance saura ƙiris ya faɗa cikin giyar injin. Princess ta ce tun daga ranar ita ma in ta ji firjin gidanta ya canja kuka ba ta samun kwanciyar hankali, kuma shi ya jawo mata.

Mutum mai irin wannan hali ba ya tara masoya da yawa. Ni kuma, ba zan ɓoye ba, halinmu ɗaya da shi. Aikin sito ya koya mani kallon jakar kowa. A nan ne na lura da wani abu. Kullum in an tashi aiki, Baba Uzo zai buɗe akwatin sharar nan, ya ɗebi guntayen waya cikin tafin hannu, ya zuba a gwangwanin madara, ya manna 'yar takarda a jiki, ya jefa a jaka. Kullum. Na san 'yan gwangwan na sayen irin wannan waya. Na ce a raina, ashe mai auna kayan mutane shi ma da nasa. Na fi wata shida ina kallonsa, ban taɓa buɗe baki na tambaye shi ba.

A shekarar ne aiki ya yi yawa, mai kamfanin, Madam Bolanle, ta yanke shawarar ƙara inji na biyu. Sabo ya fi ƙarfinmu, sai dai na hannu. Wani dillali mai suna Gregory ya ce ya shigo da guda, yana ajiye a wani sito a Sabon Gari. Mu uku muka je: Madam, da Baba Uzo, da ni don in rubuta kayan gyaran da za su biyo shi. Injin na sheƙi, fenti sabo fil. Gregory ya nuna mana agogon da ke ƙirga aikin da injin ya yi, ya ce ko shekara biyu bai yi ba a can ƙasar waje aka rufe kamfanin. Aka kunna, ya dasa allo ashirin a gabanmu, tas tas tas, gwanin sha'awa. Madam har ta fara murmushi.

Baba Uzo bai kalli agogo ba. Ya zagaya baya, ya zare bututun da ke zuƙe shara, ya girgiza a tafin hannunsa. Ya ɗebi guntayen da suka faɗo daga gwajin, ya zuba a gwangwani. Sannan ya miƙe.

"Madam, kada ki saya."

"Saboda me, Uzo?"

"Wuƙan nan ba yanka yake yi ba, tauna yake yi. Kuma fentin ya fi injin ƙuruciya da nisa."

Gregory ya bushe da dariya. Ya ce, "Oga Uzo, wetin I do you? Me na yi maka? Madam, ga allo a hannunki, duba da kanki, akwai wanda ya faɗi?" Ba wanda ya faɗi kuwa. Matsalar Baba Uzo ke nan, sau ɗaya yake faɗar magana. Ba ya jayayya, ba ya jan mutum ya nuna masa. Ya koma gefe ya harɗe hannu. Da muka zo fita, Gregory ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce ai ya san dalili, akwai wani dillali da Baba Uzo ke so a saya a wurinsa don a san da shi. Ni da ba na yarda da kowa, ranar na yarda da mutumin da ban taɓa gani ba, don kawai abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da na riga na ƙulla a raina.

Na rubuta takarda zuwa ga Madam. Ban sa suna ba. Don kada a gane hannuna, na kai ta wani shagon buga takardu a Samaru, na bi layi a bayan ɗalibai masu buga aikin makaranta, aka buga mani shafi biyu. Na faɗi batun gwangwanaye, na faɗi abin da Gregory ya ce kamar da kunnena na ji ana ƙulla shi. Ranar Litinin da safe na ɗinke shafukan da fil ɗin sitefular sito, na tura ta ƙarƙashin ƙofar ofis.

Da aka tashi aiki ranar, Madam ta tsaya a bakin ƙofa da takardar a hannu. Ta miƙa wa Baba Uzo ya karanta, sannan ta sa mai gadi ya zazzage jakarsa a gaban ma'aikata sama da talatin. Gwangwani biyu suka gangaro ƙasa, guntayen waya suka watse. Wani ya yi dariya. Abin da Baba Uzo ya ce kawai shi ne, "Ku karanta abin da ke jiki." Ba wanda ya sunkuya ya karanta, har da ni da ke tsaye taku uku daga wurin. Aka dakatar da shi. Kafin Lahadi labari ya kai cocinsu, aka karɓe makullin ɗakin janareta da ya shekara tara yana riƙewa. A kamfani kuma aka raɗa masa Baba Gwangwani.

Aka sayi injin ba da shi ba. Sati shida ya yi yana aiki, sai kaya suka fara dawowa. Masu shaguna a Sabon Gari suka riƙa sauke mana sitabilaiza a kwali, in ka girgiza sai ka ji abu na ƙara a ciki. Wani mai sayar da lemon sanyi a unguwarmu, firjinsa biyu suka ƙone, kuma ya san inda nake aiki, na yi wata guda ina canja hanya. Ƙafafun da wuƙar ta tauna ba su kwanta daidai ba, dalma ba ta kama su sosai ba, da an ɗan jijjiga a mota sai su sake. Gregory kuwa wayarsa ta daina shiga.

Madam ta aika a kira Baba Uzo. Ya zo da buhu a bayan babur, cike da gwangwanaye. Ya shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ni ina nan a tsaye, an kira ni da littafin sito. Ya juye gwangwani ɗaya, ya miƙa wa Madam gilashin ƙara girma. Jikin kowane gwangwani kwanan wata ne da sunan inji. Ya nuna mata guntayen ranar da aka wasa wuƙar tsohon injinmu, bakinsu sumul. Ya nuna na bayan sati uku, sun fara yin ɗan gemu a gefe. Ya ce da ya ga gemun nan ya san lokacin wasawa ya yi, tun kafin allo ko ɗaya ya lalace. Da aka tambaye shi me ya sa yake kai su gida, ya ce ai Madam ce da kanta ta hana ajiye tarkace a ɗakin inji, mai shara ta zubar masa da na wata biyu.

Sannan ya buɗe na ranar gwajin Gregory. Bakinsu a murƙushe, kamar rake da aka tauna aka tofar. A ciki har da waɗanda ya girgizo daga bututu, baƙi ƙirin da tsatsa, irin kaurin da aka daɗe da daina amfani da shi. Ya ce injin da ya yi shekara biyu ba zai tara wannan a cikinsa ba. Da muka je wurin injin, ya nuna mana notuna huɗu da ke riƙe da agogon ƙirga. Su kaɗai ne sababbi a jikin injin gaba ɗaya.

Wata huɗu ya yi a kan injin nan. Ya kwance shi ɗaiɗai. Abin da ba a samu a kasuwa ba ya zana, ya kai wa wani mai sassaƙa ƙarfe a Sabon Gari, ya tsaya a kansa, ya mayar masa sau uku kafin ya karɓa. Injin da aka yaudare mu da shi yana nan yana aiki har yau, kuma mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a layinsa.

Amma Madam ba mai ba da haƙuri a gaban jama'a ba ce. A ofis aka ga gaskiya, mu uku. A bakin ƙofa kuwa mutum talatin suka ga gwangwani na gangarawa. Sai magana ta zama wai an rufa masa asiri ne don ba wanda ya iya injin sai shi. Har bara na ji wata tsohuwar ma'aikaciya na ce wa sabuwa ta riƙa lura da kayanta in Baba Gwangwani na kusa. Ina jin su, na ci gaba da jera kwalaye. A lokacin da abin ya faru maigidana na kwance a asibiti a Shika, na ce in na yi magana aka kore ni, mun shiga uku. Ya warke, na nemo wani dalilin. Gaskiyar magana tsoro ne da kunya, kuma kullum na ga mutumin nan ya tsuguna gaban kwamfuresa sai in ji na tsani kaina.

Baba Uzo, kai ne ka dawo ka ci gaba da ce mani "Maman Diana, ina kwana" da irin muryar da ka saba, ba ka rage ba, ba ka ƙara ba. Kai ne ka koya wa Princess da sauran juya allo su duba bayansa kafin su yaba gabansa. Kai ne ba ka taɓa barin allon da ba ka yarda da shi ba ya fita, ko da direba na danna ham a waje. Mai kunnen inji, wanda fenti bai taɓa ruɗa ba. Akwai gidaje a Samaru da Dogarawa da fitilarsu ke kamawa kowane dare, ba su san sunanka ba, ba su kuma san cewa wani ya shinshina ruwan kwamfuresa saboda su ba.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an taso daga coci, na hau Keke Napep na tafi gidansa. Matarsa Nwamaka, wadda muke kira Maman Somto, ta kawo mani ruwa. Na kasa sha. Na faɗi komai, tun daga shagon buga takardu har ƙarƙashin ƙofar ofis. Ya saurare ni har na gama, yana goge gilashinsa da bakin riga.

"Maman Diana, ai na sani."

"Wa ya faɗa maka, Baba?"

"Ba wanda ya faɗa mani. Ranan da Madam ta miƙa mani takardan, na juya bayan shi. Ƙafan fil ɗin waje ya buɗe, ba ciki ba. Sitefula ɗaya ne ke yin haka a kamfanin nan, na sito. Ke kika juya gindin shi don ki riƙa cire fil daga leda ba wahala. Sau biyu ina gyara maki shi."

Na rasa inda zan sa kaina. Mutumin da aikinsa ke nan, duba yadda ƙafar waya ta kwanta a bayan allo, shi na kai wa takarda da fil ɗina a jiki. Na ce, to me ya hana shi faɗa duk shekarun nan?

"In na faɗa a kore ki, sannan a kawo wanda ba ya zargin kowa a zaunar a sito? Kamfanin ya mutu ke nan. Zargi ba laifi ba ne, aikinki ne. Laifinki ɗaya, gwangwani ya faɗo a gabanki ba ki ɗauka kin duba ba."

Maman Somto, da ke tsaye a bakin ƙofar kicin, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Shi ya yafe tun tuni, halin shi ne. Ni ba a tambaye ni ba tukuna. Ni na riƙa shiga coci ana matsar da jaka in na zauna. A gaban mutane aka zazzage mashi kaya, Maman Diana. Ba a falona za ki gyara ba."

Gaskiyarta ce, shi ya sa na rubuta wannan.

Saboda haka ku ji da kyau, ku na Chikaji da na cocinsu da duk wanda ya taɓa kiran sunan nan na banza. Uzodinma bai taɓa ɗaukar ko tsinken kamfani don kansa ba. Abin da ke cikin gwangwanayen nan shi ya hana kamfaninmu rufewa. Wadda ta yi masa ƙazafi ni ce.

Baba Uzo, mun gode. Na gode, ni da ban cancanci shirun da ka yi mani ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa Maman Somto ta haƙura da kai in ka fara kwance mata injin markaɗe don ka ji ya canja kuka. Ku kuma da ke tasowa a wannan sana'a, da masu sayen injin hannu, da masu riƙe makullin sito irina, ku yi koyi da shi. Kada ku yarda da fenti, kada ku yarda da agogo, kada ku yarda da mai rage murya a kunnenku. Amma in zuciyarku ta zargi abu, ku tashi ku je ku buɗe ku duba kafin ku buɗe baki.

Jiya na kai masa kwafin wannan rubutu. Bai fara karantawa ba sai da ya juya ya duba fil ɗin. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu, in an tashi aiki, zan tsaya a bakin ƙofar nan da aka zazzage jakarsa in karanta shi da bakina, Madam na nan ko ba ta nan. Wannan karon na sa sunana a ƙasa.

Susanna, mai kula da sito, Samaru.